Littafin Maigida a Tukunyar Iri

Ni da nake ba da labarin nan ban taɓa zama a lakkwal ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya. Bakin nawa ne, hannun da ke rubutawa na jikata ne, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana, ta zuba ta yadda ta fito. In kun ji na koma baya na sake taka inda na riga na taka, ku yi haƙuri, tafiyar tsofaffi ke nan.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Kurfai, arewa da Filinge, gefen hanyar da ta nufi Abala. Can aka kai ni aure, can na haihu, can na binne maigida. Sana'ata saƙar tabarma. Ina yanko kaba a kwari, in shanya, in rina wata da karan dafi ta yi ja, wata in sa mata baƙi, wata in bar ta fara yadda Allah ya yi ta. Gida huɗu ne na masu bin Almasihu a garin, sauran duk Musulmi. Rijiya ɗaya muke sha. In sun yi suna muna zuwa, in an yi mana rasuwa suna zuwa su zauna.

Maigida ya samo bangaskiyarsa a wurin cin rani, can kudu, tun yana saurayi, ya dawo da Littafi Mai Tsarki na Hausa mai baƙin bango. Kowace safiya in an sha kunu sai ya zauna bakin ƙofa ya karanta da ƙarfi, ni kuwa ina gefe ina saƙa. Ban ce ina koyo ba. Amma shekara ta bi shekara, har labaran suka zauna mini a ka yadda zanen tabarma yake zama a hannu.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ya ce, "Kawo kabarki da wuƙa."

Na kawo. Ya sa na yanka ƴan sili-sili, kowanne tsawon yatsa biyu. Sai ya buɗe Littafin ya ce, "Nan ne labarin yaron da ƴan'uwansa suka jefa a rijiya. Wace kaba za ki ba shi?"

Na ce ja, mai ƙulli ɗaya. Na ƙulla, ya saka a wurin. Ya buɗe wani wuri, labarin matar da ta sa jaririnta a kwando ta kai shi bakin kogi. Na ba shi fara mai ƙulli biyu. Labarin mai shuka, baƙa mai ƙulli ɗaya. Labarin makiyayin da tunkiyarsa ɗaya ta ɓace, ja mai ƙulli uku. Kwana uku muna wannan aiki, yana hutawa yana tashi, har muka saka guda goma sha tara.

Ya ce, "Ran da ba ni, ki buɗe inda kabar take, ki faɗa da ka, ki sa yaro ya bi da yatsa. Ke kina da maganar, su suna da baƙaƙen. Ku haɗa. Kada ki bari ya zama kayan ajiya a gidan nan."

Na ce to. A lokacin ban ga wahalar cewa to ba.

Jikokina biyu ne a gidan, duk mata, ƴaƴan ɗana da ke cin rani a bakin teku. Uwarsu tana tare da mu. Babbar ta yi shekara uku a lakkwal, tana haɗa baƙaƙen Faransanci a hankali. Ƙaramar ba ta isa ba tukuna. Muddin mai bishara yana zuwa daga Filinge a kan babur ɗinsa duk ran Lahadi ta biyu, yana tara yara a rumfa, ban damu da Littafin ba sai in goge masa ƙura.

Sai mutanen daji suka fara yawo a ƙasar. Da farko shanu suke karɓa a rugage. Daga baya suka shiga garuruwa. Gwamnati ta hana kowa hawa babur, mai bishara ya daina zuwa, kuma tun daga ranar duk ƙarar babur da ka ji ka san ba ta mutumin kirki ba ce. Malaman lakkwal suka ɗaure kayansu wata ran kasuwa suka hau mota, ba su dawo ba. Yara suka zauna gida.

Nan na tuna da to ɗin da na ce.

Da hantsi, in mun dawo daga rijiya, sai in saki asabari rabi, mu zauna a ɗakina. Ƙaramar ce ke zaɓen kaba, ta rufe ido ta shafa ta kama ɗaya. In buɗe wurin in ɗora a cinyar babbar. Ni in fara faɗa a hankali, kalma kalma, ita kuwa ta neme ta da yatsa. Kwanakin farko har kuka ta yi. Ta ce ina gudu, ta ce baƙaƙen sun yi ƙanana kamar tururuwa. Na ce mu sake. Muka yi ta sakewa. Wata rana sai na ji bakinta ya riga nawa da kalma ɗaya, na yi shiru, ta ci gaba ita kaɗai har ƙarshen layi, sannan ta ɗaga kai a tsorace kamar ta fasa ƙwarya.

Ba a daɗe ba ta fara kama ni. Muna labarin yaron rijiya, na ce da suka jefa shi sai suka zauna gindin itace suka dama fura da nono suka sha.

Ta ce, "Tsohuwa, ina furar?"

Na ce, "Tana nan, duba da kyau."

"Na bi layin nan sau biyu. Abinci dai aka ce sun ci. Ba fura, ba nono, itacen ma ban gan shi ba."

"To makiyayi a daji da rana tsaka mi zai ci in ba fura ba?"

"Ni dai ba ni na rubuta ba. Ko kin sha furar ne tun kafin a haife mu?"

Ƙaramar ta faɗi tana dariya. Ni ma na dara, amma abin ya tsaya mini a rai. Ashe cikin shekarun nan na zuba nawa a cikin na Allah ban sani ba, kamar mai awon da hannunta ke ƙara tsaba. Na ce mata daga yau duk inda na sauka daga hanya ta ɗaga yatsa. Abin da ke cikin Littafi na Littafi ne, abin da ke bakina nawa ne, a san kowanne. Yatsan nan ya sha ɗaguwa. In mun gama sai in tambayi ƙaramar mi ta ji, ta ba mu labarin da bakinta, wani lokaci ta fita ta sake ba awaki.

Haka muke har sanyi ya wuce.

Sai wata ran kasuwa masu dawowa suka zo da labari. A wani gari ta wajen Abala mutanen daji sun bi gida gida, sun tara duk takardar da aka rubuta da boko, sun ƙone a tsakar gari, mutumin da aka samu da littattafai da yawa kuma sun tafi da shi. Maigari ya kira mu, mu gida huɗun nan. Ya ce, "Ban kore ku ba, tare muka tashi. Amma in sun zo ba ni da abin tare su. Kada a ga komai a ɗakunanku." Kafin sati ya zagayo gida biyu sun tashi zuwa Filinge.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da ni. Maƙwabciyata, wadda darni ɗaya ya raba mu, ƙawata ce tun muna amare. Musulma ce mai yawan azumi, mai kaifin baki. Autanta ni na yanke masa cibiya. Ya ci tuwona har ya gaji, ya sace mini kaba ya yi tarkon tsuntsu. Wannan yaro wani rani ya tafi kiwo bai dawo ba, aka fara raɗe-raɗin ya bi su. Bayan haka yakan zo jefi-jefi, rawani ya rufe masa rabin fuska, ya kwana ɗaya ya ɓace. Ya daina wasa da kowa. Uwarsa ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na rasa inda zan sa Littafin. Ƙarƙashin gado nan ake fara dubawa. In na binne a ƙasa gara ta cinye. Sai hankalina ya kai ga irin wake. Mu a wurinmu in za a ajiye irin wake har damina, sai a gauraya shi da toka a zuba a tukunya, a rufe baki da fasasshen kasko, a shafe da laka da kashin shanu. Ƙwaro ba ya shiga, danshi ba ya shiga, kuma ba mai taɓa tukunyar iri sai ranar shuka. Ina da guda biyu a rumbu. Na jira yaran da uwarsu suka tafi itace, na naɗe Littafin da tsohon kallabi, na sa shi a ƙasan wata ƙaramar tukunya, na cika da toka, na watsa wake kamar tafi huɗu a sama domin ko an buɗe a ga wake. Na shafe. Na kai rumbu na tura ta bayan ƴan'uwanta. Suka zama uku.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina abin da yaro bai sani ba, ko an tsare shi ba zai faɗa ba.

Washegari da hantsi ƙaramar ta zo ta rufe ido ta miƙo hannu. Na ce, "Littafin ya tafi hutawa."

Ta buɗe ido ta ce, "Laifi ya yi?"

Babbar ta dube ni kallon da ban manta ba har yau, ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

Na ci gaba da ba su labaran da ka, amma abin ya zama kamar miyar da ba gishiri. In na ƙara fura babu mai ɗaga yatsa. Wata rana na fito na tarar da babbar a tsakar gida tana rubutu da tsinke a ƙasa, tana gwada kalmomin da ta tuna. A daidai lokacin na ji kamar ƙarar babur can nesa. Ban san sanda na kai ƙafa na share rubutun ba. Ashe injin niƙa ne aka tayar a bakin kasuwa. Ba ta kuma sake rubutu ba, ko a ƙasa ko a bango. Ni da aka ce in haɗa maganata da baƙaƙenta, ni na share su da diddigena. Ina ji ina gani abin da maigida ya bar mini yana mutuwa a hannuna, amma duk safiyar da na ce yau zan fasa tukunyar nan, sai wani ya zo da sabon labari, in fasa fasawa.

Ruwan farko ya sauka, muka shuka hatsi. Bayan kwana goma sha wani abu ruwa na biyu ya zo mai kyau, na shukar wake. Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai san ranar nan ba. Yashi ne, danshinsa ba ya jira. Yini ɗaya, in ya yi yawa biyu. Shi ya sa ranar shuka ba a hana maƙwabci iri, ba a ma ce masa ya jira mai gida ya dawo. Ko yaro aka tarar a gida ya san zai ba da.

Da sassafe na ɗauki tukunya ɗaya daga cikin manyan, ni da uwar yaran muka tafi gona. Babbar muka bar ta da ƙanwarta, wadda ta tashi da zazzaɓi. Da rana ta take na dawo in duba jikin yarinyar in ɗebi ruwa. Na tarar tsani a jingine da rumbu.

Na ce, "Wa ya hau rumbu?"

Babbar ta ce, "Ni ce. Iya ta maƙwabta ta zo, ta ce ƙwaro ya cinye nata. Na ba ta ɗaya, ta ce in ta ɗiba za ta maido."

"Wacce kika ba ta?"

"Ƙaramar ta baya. Babbar ta fi ƙarfina."

Na hau tsanin nan ban san da ƙafar wa na hau ba. Tukunya ɗaya ce a ciki, babbar. Na sauko na zauna a ƙasa.

Na ce, "Ita kaɗai ta tafi gonar?"

"Da ɗanta. Jiya da la'asar ya zo, shi zai yi mata sara."

Sai na gaya mata abin da ke cikin tukunyar. Ta tsaya, hannunta biyu a kan baki. Da ta sauke su abin da ta ce shi ne, "Kaka, da kin gaya mini." Gaskiyarta ce, kuma ta fi mari zafi.

Na ce ta goya ƙanwarta ta kai wa uwarsu a gona, su zauna can, in sun ji babur ya nufo gari kada su dawo gida. Ni kuma na ɗauki hanyar gonar maƙwabciya.

Gonar tana gabas, bayan tudun yashi. Tafiya ce da na yi sau ɗari, amma ranar kamar ana ja mini ita. Ina tafe ina lissafin abin da zan tarar. Ko ba su fasa ba tukuna, in ce an yi kuskure, wannan tsohon iri ne. Ko sun fasa, ɗan nata yana tsaye da Littafin a hannu. Kowa a garin ya san abin da muke bi, shi ma ya sani. Amma sani daban, a kama abu a hannu daban, balle a kama shi a ɓoye cikin toka bayan an ce kada a ga komai. Na so in yi addu'a, kalmomin suka gudu. Sunan Almasihu kawai nake maimaitawa, taki ɗaya suna ɗaya.

Da na hau tudun na hango su. Babur yana ƙarƙashin aduwa, an yafa masa rassan sabara. A jikinsa an jingina wani abu dogo naɗe da bargo. Ga tukunyata a gefe, baki buɗe, toka a zube tuli guda. Shi yana gaba da sungumi, yana taku yana sara, rami bayan rami. Ita tana biye, tana jefa wake tana rufewa da diddige. A bayanta kuma akwai goyo, ta ɗaure da zane ta lulluɓa mayafi. Tsohuwar da ta bar haihuwa shekara ashirin, da goyo.

Na ce, "Sannunku da aiki. Ina ruwa?"

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Inna." Bai waiwayo ba.

Ita kuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ga ta nan, ai na san za ki biyo sawu. Rowa ta hana ki zama. Haka ake ba maƙwabci iri, ƙawa? Wake tafi huɗu, sauran duk toka. Ko sabulu kika ce in dafa?"

Na ce, "Tsufa ne. Na manta na riga na ɗiba."

"To tunda kin zo, karɓi ƙwaryar ki rama. Bayana ya riƙe, ni zan bi a hankali."

Ta miƙo mini ƙwaryar wake. Ba yadda zan yi. Na shiga layi a bayansa, ina jefawa ina rufewa. Taku uku ne tsakanina da shi. Ina kallon ƙeyarsa, ina kallon tabon ƙuna a gwiwar hannunsa wanda ya samu a murhuna yana rarrafe. Sai ƙarar sungumi a jiƙaƙƙen yashi. Muka kai ƙarshen gona muka juyo, muka sake kaiwa muka juyo. Duk juyowa sai ya fuskanci tulin tokar nan.

Da waken ya ƙare ya je gindin aduwa ya sauke rawani ya sha ruwa. Ya rame. Ya tsaya kusa da tukunyar, ya taɓa tokar da yatsan ƙafa.

Ya ce, "Inna, ina jikokin?"

Na ce, "Suna lafiya. Ƙaramar ce ba ta jin daɗi."

"Allah ya sawwaƙe. Babbar fa, tana karatu har yanzu?"

Na ce, "Ai an rufe lakkwal."

Ya ce, "Haka ne. An rufe." Ya mayar da rawaninsa, ya ɗauki sungumi.

Uwarsa ta ce za ta taka mini, ta karɓo sauran iri a wurin wata. Muka gangara bayan tudu. Sai da kan aduwar ya ɓace ta ja ni bayan wata sabara, ta kwance goyon ta tura mini a ƙirji. Littafin ne.

Ta ce, "Ke kina da hankali kuwa? A tukunyar iri?"

Na ce, "Ya gani?"

"Ni na fasa. Yana can ƙarshen gona yana sara. Ko ya waiwayo, Allah ya sani, ni ban sani ba. Ni na haife shi, amma yanzu ban san abin da yake gani ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Toka ta shiga ko'ina, na kama bangon na kakkaɓe miki shi. Ga tarkacen da suka zubo."

Ta kwance bakin zanenta ta zuba mini a tafi. Kabata ce. Ja da baƙa da fara, duk a cakuɗe. Ita a ganinta gyara ta yi mini. Na yi godiya, don abin da ta yi ranar ba kowace ƴar'uwa za ta yi ba. Amma ina riƙe da su na san abin da ya faru. Wurare goma sha taran da maigida ya buɗe mini duk sun rufe. Littafin ya koma mini kamar bango.

A gida na ƙirga. Goma sha takwas. Na sake ƙirgawa. Fara mai ƙulli biyu babu.

Kwana biyu ɗan maƙwabciya ya yi a garin. Kwana biyun nan ban saƙa ko ɗani ɗaya ba. In kaza ta yi motsi a bayan darni sai in miƙe. Na goya Littafin a bayana yadda ta yi, da shi nake daka, da shi nake zuwa rijiya. A rana ta uku da sassafe muka ji babur ya tashi, ƙararsa ta yi arewa har ta ɓace. Na fito in buɗe wa awaki. A ƙofar darnina, daidai inda hannu yake kamawa, an soke wani abu a cikin kara. Fara mai ƙulli biyu.

Na leƙa na kira maƙwabciya na nuna mata. Ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Ba ni ba ce."

Har yau ban san abin da yake nufi ba. Ko cewa yake na gani na rufe ido. Ko cewa yake na gani, ki shirya. Babu mai ƙulla kaba haka a garin sai ni, ya kuwa san hannuna tun yana sace mini ita. Na juya abin nan a raina ta kowace fuska, kowace fuskar tana iya zama gaskiya.

Ranar na zauna da Littafin a cinya, ga tukunya ga toka, zan iya mayarwa. Amma ɓoyon da na yi shi ne ya ɗauki Littafin ya kai shi har gaban wanda nake tsoro. Kuma in na sake rufe shi, ran da za a buɗe babu mai shiga, don ni hanyata ta ɓace, yarinyar kuwa baƙaƙenta suna zubewa kullum. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Na dai saki asabari rabi, na kira su.

Na ce wa babbar, "A da ni ke buɗe miki. Yanzu ke za ki buɗe mini."

Na baza kabar a tabarma. Ƙaramar ta rufe ido ta ɗauki ɗaya, baƙa mai ƙulli ɗaya, mai shuka. Na faɗi farkon labarin, na ce a tunanina yana can wajen ƙarshe, inda hannun maigida na hagu yake cika da takarda. Ta fara nema. Kwana tara ta yi. Kafin ta same shi sai ta karanta abin da ke gabansa da na bayansa, shafi bayan shafi, tana tuntuɓe tana tashi. Ran da ta same shi ba ta yi ihu ba, mun saba da yin komai ƙasa-ƙasa. Ta ɗora yatsa ta ce, "Tsohuwa, kawo baƙarki."

Duk daminar muka yi muna wannan farauta, in mun dawo daga noma. Kunnena ɗaya a bakinta, ɗaya a hanya. Sau biyu babura suka wuce ta bayan gari, muka tura Littafin cikin naɗaɗɗiyar tabarma a tsakiyar tabarmin sayarwa, inda yanzu kowa a gidan ya san yana nan, har ƙaramar. Ba su tsaya ba. Da ƙarar ta ɓace muka fiddo shi muka ci gaba daga inda yatsa ya tsaya. A cikin neman nan ta karanto mini wuraren da ban taɓa ji ba, ko na ji na manta. Wasu sun kwantar mini da rai, wasu sun ɗaure mini kai, na ce mu ajiye tambayar sai mun ga mai bishara. Ta ce in ba ta kaba ta saka wa tambayoyin. Na rina mata shuɗiya.

Fara mai ƙulli biyu, ta labarin jariri a kwando, ita muka saka daga ƙarshe, ba don wuyar nema ba, ni ce nake ture ta gefe in ƙaramar ta kamo. Hatsi ya fid da kai sannan na yarda. Babbar ta samo wurin cikin yini biyu, ta karanta da kanta tun daga farko har ƙarshe, ni ban buɗe baki ba.

Da aka yi girbi ɗana ya aiko mu tashi, muka ɗora tabarmi a kan mota muka zo Filinge, inda muke haya ɗaki biyu a bayan kasuwa. Maƙwabciya takan aiko mini da wake ta hannun masu zuwa cin kasuwa, kullum da saƙon cewa nata babu toka. Ɗanta bai sake zuwa ba. Ina sa shi a addu'a, kuma ina tsoronsa, duka biyun a numfashi ɗaya. Ko a nan in na ji babur sai in miƙe tsaye kafin hankalina ya zo.

Mai rubutun ta ɗaga yatsa, wai na faɗa mata kwana tara ta yi tana neman mai shuka, ita kuwa a tuninta sha ɗaya ne. Ta bar shi tara. Ƙanwarta tana tsaye da ido a rufe tun ɗazu, ta kama wata ja, yau kuma ita ce za ta bi da yatsa.